Ciwon ciki: nuna mana wurin da yatsa ɗaya

Iyayena mata da 'yan uwa na Aboabo da Asawase a Kumasi, idan kun kawo mara lafiya asibiti mukan fara da tambayar ina ne yake ciwo. Sai a shafa ciki gaba ɗaya a ce ko'ina. To amma duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san kayan ciki kowanne da mazauninsa, haka jikinmu yake.

Hanta tana sama ta dama, ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta wajen kilo 1.5 a jikin babba, matsarmama na manne a ƙasanta. Tumbi da saifa suna sama ta hagu. Ƙoda biyu suna can baya, shi ya sa ake jin ciwonsu a kwiɓi. Ƙaramin hanji, wajen mita 6, yana naɗe a tsakiya, babban hanji ya kewaye shi.

Ƙasan dama ne ya fi damuna. Kusa da inda hanjin nan biyu suka haɗu akwai wani ɗan reshe, afendis. Idan ya kumbura, ciwon yakan fara a cibiya, bayan wasu awowi ya sauko dama ya tsaya, ga tashin zuciya, ga zazzaɓi, abinci ya fita a rai. Za ku ga yaro yana tafiya a sunkuye, ko tari ya yi sai ya riƙe wurin. A nan ne ake ɗauko bentuwa, wato robar yin ɗura ta dubura, da barkono da citta, ko maganin wankin ciki. Na san tausayi ne, amma don Allah a bari. Hanjin da ya kumbura yana iya fashewa, ƙazanta ta bazu a ciki, ƙaramar tiyata ta koma babba. Taifot da ba a yi wa magani ba ita ma takan huda hanji a wannan gefen, galibi a mako na 2 ko na 3, ciki ya yi tauri ba ya taɓuwa.

Mace kuma da ta yi ɓatan wata, ta ji ciwo a gefe ɗaya na mara tare da jiri ko zubar jini, yana yiwuwa cikin a wajen mahaifa ya zauna. Wannan ba a jiran gari ya waye.

Kada a ba mara lafiyan abinci. A ɗauki katin inshorar lafiya na NHIS, a nufi asibiti mafi kusa ko babban asibitin Komfo Anokye, ko a kira lambar gaggawa 112. Ku faɗa mana yaushe ciwon ya fara, a ina ya fara, ina yake yanzu, da duk abin da aka ba shi a gida, har bentuwar, kada ku ɓoye.