Mutuwar injin mota ana cikin tafiya

Mutuwar inji ita ce tsayawar injin mota farat ɗaya alhali motar na gudu, ba tare da direba ya kashe ta ba. Injin fetur na rayuwa ne da abu uku: mai, iska da tartsatsin fulogi. Yana buƙatar kusan awo 14.7 na iska ga kowane awo 1 na fetur a ma'aunin nauyi, kuma da zarar ɗaya cikin ukun ya yanke, sai ya ɗauke. Injin dizal, wanda ake kiran mansa jazolin a Sudan, ba ya da fulogi. Zafin matsar iska ne ke kunna man.

Zamanin kabureta

Kafin wajen ƙarshen shekarun 1980, yawancin motocin fetur da kabureta suke aiki, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska, kuma zafi ne babban abokin gabarsu. A Khartum zafin watannin Afrilu zuwa Yuni kan haura digiri 40. Sai fetur ya tafasa cikin bututu ya zama tururi, famfon mai kuwa fetur mai ruwa-ruwa yake iya ja, tururi ya fi ƙarfinsa. Motar ta yi ta shaƙewa, ta yi fizge-fizge, ta mutu. Maganin da tsofaffin direbobin hanyar Wad Madani zuwa Sinnar suka sani shi ne a buɗe bonet, a jiƙa tsumma a ɗora kan famfon, a samu inuwa a jira. In ya huce, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Manyan motocin Bedford TJ, waɗanda aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, ake kuma ce musu sifinja a Sudan, nasu ciwon daban ne. Iska kan shiga bututun jazolin idan tanki ya ƙafe ko wani maɗauri ya saki. Karen mota ya kwance kusoshin kan matatar mai, ya yi ta buga famfon hannu har kumfa ta daina fita.

Ƙura da gurɓataccen mai

Guguwar ƙura da ake kira habub kan toshe matatar iska, inji ya rasa numfashi. Man jarka, wanda ya yawaita tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023, yakan zo da ruwa ko laka. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yake kwanciya a gindin tanki, daidai inda famfo ke zuƙa.

Ana saɓani kan ko yawan tafiya da ɗan mai kaɗan na kashe famfo. Makanikai da dama sun ce yana yi.

Motocin zamani

Idan motar zamani ta mutu ana tafe, yana iya zama laifin na'urar da ke ƙirga juyin inji ne, ko dinamo ya daina cajin batir.

Haɗari

Idan inji ya mutu, sitiyari kan yi nauyi, birki ya yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, amma dukansu suna ci. Zare makulli ana tafe na iya kulle sitiyarin.