Ma'anar nutirino, da dalilin da ya sa ake zaman jiran tauraro ya fashe

Tun watan Fabrairun 2025, da masu binciken KM3NeT suka sanar cewa na'urorinsu na ƙarƙashin tekun Bahar Rum, kusa da tsibirin Sisili, sun kama nutirino (wata mitsitsiyar ƙwaya da ke ratsa kusan komai) mafi ƙarfi da aka taɓa gani, kalmar ta shiga bakin jama'a. Wata safiya na ji mai shiri a rediyo ya zo kanta ya yi tuntuɓe, ya ce "nutiron", har ya ƙara da cewa ai da shi ake haɗa bam. Abokin aikinsa ya tashi gyara, sai ya ƙara dagula ruwan, wai sunanta "ƙwayar fatalwa". Nan na kashe rediyon.

Ruɗanin farko dai da ɗan uzurinsa, don takwarori ne tun asali. A Disambar 1930 Wolfgang Pauli ya lura cewa idan ƙwayar zarra ta rushe, lissafin makamashinta ba ya cika, wani kaso na ɓacewa. Ya ce lallai akwai wani ɗan abu marar cajin lantarki da ke sulalewa da ragowar, ya raɗa masa suna nutiron. A wasiƙa ma ya aika wa taron masana na Tubingen wannan magana, shi ya tsaya Zurich saboda wani bikin rawa. Shekara biyu bayan haka James Chadwick ya gano wata ƙwaya mai nauyi a cikin cibiyar zarra, ita ma aka kira ta nutiron. Gida ɗaya, 'ya'ya biyu, suna ɗaya. Mutanen Enrico Fermi a Roma suka raba gardamar da ɗafin "-ino", wanda a Italiyanci ke nuna ƙanƙanta, kamar yadda za mu ce Babba da Ƙarami. To amma wannan Ƙaramin bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na nauyin ilektiron, ƙwayar da ke kewaya cibiyar zarra, ba. Na Chadwick shi ne mai fasa yuraniyom. Na Pauli ko kallon yuraniyom ɗin da ƙyar yake yi.

Batun fatalwa ne ba na iya haɗiyewa. Fatalwa tsoro take ba ka, shi kuwa wannan babu ruwansa da kai. A kowace daƙiƙa kimanin biliyan 65 daga rana na ratsa wuri mai faɗin farcen yatsanka, da dare ma haka, sai dai su ɓullo ta ƙarƙashin gadonka bayan sun keta duniya. An kama shi tun 1956, Clyde Cowan da Frederick Reines suka yi wannan aiki a gefen wata tashar nukiliya a Amurka. Abin da aka kama aka auna, ina fatalwa a nan?

Rashin kula kowa ɗin nan shi ne darajarsa ga masu nazarin sama. Ranar 23 ga Fabrairun 1987 aka ga fashewar wani tauraro a dandazon taurarin Magellan babba, nisan da haske ke ɗaukar shekara kusan 168,000 kafin ya ci. Da aka koma kan bayanan na'urori, Kamiokande a Japan da IMB a Amurka da Baksan a Tarayyar Sobiyet sun kama nutirino ashirin da 'yan kai cikin daƙiƙa 13, kuma sun riga hasken isowa da awa biyu zuwa uku. Har yau akwai masu cewa wannan na nufin sun fi haske gudu. A'a. Kwatanta kasuwa ranar cinta, gobara ta tashi a tsakiya. Mai ɗauke da buhu a ka sai ya yi ta ture-ture kafin ya kai bakin ƙofa, siririn yaro kuwa tuni ya ratsa tsakanin ƙafafu yana waje. Cibiyar tauraron ce ta rufta, nutirino suka fice nan take da kusan kashi 99 cikin ɗari na makamashin, ita kuwa girgizar da za ta haska tauraron sai da ta yi sa'o'i tana kutsawa zuwa sama.

Shi ya sa neman nutirino daga fashewar tauraro aikin agogo ne. IceCube, cibiyar kama nutirino da ke ƙuryar kudu ta duniya, an gina ta da na'urorin gane haske 5,160 a jikin igiyoyi 86, an binne su cikin ƙanƙara har zurfin mita 2,450. Mafi yawan abin da take gani daga iskar duniyarmu yake fitowa, hayaniya ce kawai. Amma idan tauraron ɗan'adam ya ce an yi walƙiyar hasken gama, wato haske mafi ƙarfi wanda ido ba ya gani, a kusurwa kaza, ƙarfe kaza, sai a duba wannan ɗan taƙin lokacin kaɗai, hayaniyar ta ragu. Wani lokacin kuma ita ke fara shela, kamar ranar 22 ga Satumban 2017, da nutirino guda ɗaya tal ya sa aka juya madubai masu hangen nesa zuwa wani dandazon taurari mai suna TXS 0506+056, aka same shi yana tsakar huci.

Sau da yawa kuma shiru ake ji. Karon taurarin nutiron biyu (dunƙulallen ragowar taurarin da suka rufta) na 17 ga Agustan 2017 bai ba da nutirino ko ɗaya ba. Haka walƙiyar gama ta 9 ga Oktoban 2022, mafi haske da aka taɓa aunawa. Masu kanun labarai ba sa son irin wannan, ni kuwa ya fi burge ni, don shirun ya rage wa hasashen cewa waɗannan walƙiyoyi ne babbar matattarar nutirino masu ƙarfi kaifi sosai. Abin da kowa ke jira yanzu shi ne tauraro ya rufta a cikin dandazonmu, wanda ranarmu ke ciki, inda na'urar Super-Kamiokande ta Japan kaɗai za ta ƙirga dubban nutirino. Rabon da a ga fashewar tauraro da ido a dandazon namu tun 1604.