Tausar ƙasan gaba kafin haihuwa: me ake nufi da ita?

Ƙanwata ta zo goyon ciki gidanmu a Birnin Kebbi, cikin fari ne, ya ɗan haura wata bakwai. Ranar da ta dawo daga awo sai ta ja ni ɗaki ta tura ƙofa, ta ce, "Yaya, malamar asibiti ta ce idan cikin ya kai sati 35 in fara wata tausa, wai don kada in ƙaru wajen haihuwa. Wallahi kunya ta hana ni tambayar ta ina za a tausa." Ita a zatonta tausar ƙugu ce ko ta ƙafa. Na tabbata akwai irinta da yawa a kan bencin awo, sun ji kalmar, sun gyaɗa kai, sun koma gida ba su san me aka ce ba.

Mu fara da wurin. Tsakanin ƙasan farji da dubura akwai ɗan fili na fata da tsoka, faɗinsa bai wuce yatsu biyu zuwa uku ba. Likitoci na kiransa feriniyom. Mu a hirar yau da kullum ba mu cika ambaton sunansa ba, sai dai a ce "ƙasa" ko "can wurin". Lokacin da kan jariri ya taho, wannan ɗan fili shi ne ke shan miƙewa fiye da ko'ina. In ya miƙe yadda ake so, kai ya wuce lafiya. In ya gaza, sai ya yage.

A nan ne kalmar ƙari take shigowa, kuma mata na amfani da ita a wuri biyu. In aka ce "ta ƙaru", wurin ne ya yage da kansa. In aka ce "an yi mata ƙari", ma'aikaciyar asibiti ce ta sa almakashi ta yanka gefe don faɗaɗa hanya, daga baya a ɗinke. Yagewar ma hawa huɗu ce. Ta farko fata kaɗai take taɓawa, wani lokaci ko ɗinki ba ta buƙata. Ta biyu ta shiga tsoka. Ta uku ta kai ga zoben tsokar da ke riƙe dubura, ta huɗu kuwa ta ratsa har cikin hanyar bayan gida. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne abin tsoro, domin in ba a gyara su da kyau ba, mace kan kasa riƙe iska, wata ma har bayan gida, ta yi shekaru tana ɓoyewa ko mijinta bai sani ba.

To, tausar ƙasan gaba ita ce mai ciki ta riƙa miƙar da wannan wuri a hankali da yatsunta da ɗan mai, a makonnin ƙarshe na ciki, don ya yi laushi kuma ya saba da ja kafin ranar naƙuda. Ana farawa daga sati 34 ko 35. Ga mai lissafi da wata, wato idan na takwas ya kusa cika.

Yadda ake yi ba wuya. Ta yanke farce, ta wanke hannu da sabulu, in da hali bayan ta yi wanka da ruwan ɗumi, lokacin jiki ya saki. Ta jingina da filo ta buɗe gwiwoyi, ko ta tsaya ta ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera 'yar tsuguno idan ciki ya tare mata hanya. Ta shafa man zaitun ko wani man girki mai tsabta wanda ba a taɓa suya da shi ba. Ban da man zafi, ban da mai turare, ban da kowane haɗi na matsi. Sai ta sa babban yatsa ɗaya ko biyu cikin farji kamar santimita 3 zuwa 4, kusan tsawon gaɓar farko ta yatsan, ta danna ƙasa wajen dubura har ta ji wurin yana ja da ɗan raɗaɗi. Ta tsaya a haka kamar minti ɗaya tana numfashi a hankali. Daga nan ta riƙa zagayawa daga wannan gefe zuwa wancan ta ƙasa, kamar mai shafe cikin ƙoƙo. Ba a zuwa sama wajen mafitsara. Minti biyar ya isa. Ja da ɗan yaji-yaji ba laifi, musamman a kwanakin farko, amma in zafi ne na gaske a dakata.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba, ni kuma ina ganin yana da girma. Mai haihuwar fari ba ta taɓa jin irin raɗaɗin da ke zuwa sa'ad da kai ya danno ba, don haka sai ta firgita ta ɗaure jiki, ko ta yi yunƙuri da dukkan ƙarfinta a daidai lokacin da ake so ta sassauta. Wadda ta yi makonni tana jin ɗan kwatankwacinsa tana numfashi a kai, ba zai zo mata baƙo ƙwarai ba.

Shin tana aiki? A 2013 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara binciken likitanci ne ta auna shi, ta haɗa gwaje-gwaje huɗu da suka shafi mata 2,497. Abin da ya fito shi ne masu yin tausar sun fi tsira daga raunin da ke buƙatar ɗinki, kuma an fi rage yi musu ƙari da almakashi. Ribar ba mai yawa ba ce: cikin mata kamar 15 da suka yi, ɗaya ce za ta tsira daga ɗinkin da da ta sha. Kuma an fi ganin wannan riba ga waɗanda ba su taɓa haihuwa ta gaba ba. Waɗanda suka taɓa haihuwa, abin da suka samu shi ne raguwar ciwon wurin wata uku bayan haihuwa. Ba sai kullum ba ma, sau ɗaya ko biyu a sati ya nuna amfani. A nan Najeriya, wani gwaji da aka yi kan masu cikin fari a asibitin koyarwa na Enugu, aka buga a 2018, shi ma ya sami raguwar ƙari a wajen masu tausar. Ɗaya cikin 15 kamar kaɗan ne, amma abu ne da ba ya cin kuɗi sai cokalin mai, kuma duk wadda ta taɓa zaman jego a gefe guda na ɗuwawu saboda ɗinki ta san darajar wannan ɗayar.

Dole in tsaya a kan abin da tausar ba ta yi, domin a jiharmu rikita wannan na da haɗari. Ba ta buɗe ƙashin ƙugu. Ba ta gyara kwanciyar jariri. Ba ta maganin doguwar naƙuda, wadda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, lalurar da ta sa ake da cibiyar kula da masu fama da ita a Gesse a nan Birnin Kebbi. Yarinyar da ta kwana ta wuni tana naƙuda kai bai sauko ba, asibiti take buƙata cikin gaggawa, ko da ta yi tausa tun daga sati 34. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matan Kebbi da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ba na so kowa ya karanta wannan ya ce an sami dabarar zama gida. Haka kuma tausar ba ta da dangantaka da yankan gishiri. Wancan aska ce ake sa wa mace, yana jawo zubar jini da yoyon fitsari, yana barin tabo, tabo kuwa ba ya miƙewa kamar lafiyayyar fata. Wadda aka taɓa yi wa gishiri ko kaciya ta gaya wa malamar awo tun kafin ta fara komai.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su yi ba: mai zubar jini, wadda faya ta fashe mata, wadda hoton ciki ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, da mai fama da ciwon sanyi, ƙaiƙayi ko ƙuraje a gaba, har sai an yi magani. Shi ya sa tambayar malamar awo take gaba da farawa.

Sai maganar karɓuwa, wadda a ganina ta fi dabarar kanta wuya. Wadda tausar ta fi amfana ita ce mai cikin fari, ita ce kuma al'ada ta fi ɗora wa kunya. Ba ta ambaton cikin a gaban iyaye, balle ta ambaci wurin fitarsa. A littattafan Turawa ana cewa miji ya taimaka idan hannu ba ya kaiwa, to amma a daidai wannan lokaci tamu tana gidan iyayenta goyon ciki, tana kwana ɗaki ɗaya da mahaifiya da ƙanne. Ina miji, ina keɓewa? Da na kai maganar gaban Inna, cewa ta yi, "Mu da munka haihu tara, wa ya taɓa yi muna wanga abu?" Gaskiyarta. Na ce, "Inna, cikin ku nawa ne suka ƙaru a ɗaki, aka ce su shiga ruwan bagaruwa su yi shiru?" Ba ta amsa ba, ta daɗe tana kallon ƙasa.

Masu koyarwa a wajen awo su ma da gyara a nasu ɓangaren. Faɗar wannan magana da lasifika a gaban mata ɗari ba ta shiga. A ɗakin gwaji, mace da mace, a nuna wurin da zane, a kira shi da Hausa, nan ne za a sami tambaya. Kuma a gaya musu cewa ranar haihuwa ma akwai abin da za su iya roƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2018, ta amince da ɗora tsumma mai ɗumi a wurin, da tausa, da tallafe shi da hannu yayin da kai ke fitowa, gwargwadon abin da mai naƙuda ta yarda da shi, ta kuma ce kada a mayar da ƙari da almakashi abin yi wa kowa. Akwai lokacin da ƙarin ya zama dole, misali idan jariri ya galabaita ana so ya fito da sauri, kuma wadda aka yi wa bayan ta yi tausa ba ta yi kuskuren komai ba.

Inna ba ta sake tayar da zancen ba. Amma da cikin ya kai lokaci, ita ta aiki yaro kasuwa ya sayo ƙaramar kwalbar man zaitun ta ajiye a ƙarƙashin filon ƙanwata, kuma ranar Litinin da Alhamis bayan sallar isha'i takan kwashe yara su koma tsakar gida, ta ce ɗakin ya yi zafi.