Tallafin sake gina ƙasashe bayan yaƙi

Tallafin sake gina ƙasa shi ne kuɗi, kaya ko ƙwararrun da wata gwamnati, ko gungun gwamnatoci, ke bai wa ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, domin ta gyara hanyoyi, masana'antu, asibitoci da ma'aikatun mulki. Ya bambanta da agajin gaggawa na abinci da magani, wanda ake kaiwa tun wuta ba ta mutu ba.

Tarihi

A da, wanda aka ci da yaƙi shi ke biyan diyya, kamar yadda aka ɗora wa Jamus a yarjejeniyar Versailles ta 1919. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya lissafi. A 1944 aka amince da kafa Bankin Duniya a taron Bretton Woods, kuma rancensa na farko, dala miliyan 250, Faransa ce ta karɓa a 1947.

Mafi shahara shi ne Shirin Marshall. Sakataren Harkokin Wajen Amurka, George Marshall, ya gabatar da shi a Jami'ar Harvard ranar 5 ga Yuni 1947, Shugaba Truman ya sa wa dokar hannu a Afrilun 1948. Cikin kusan shekara huɗu aka raba kimanin dala biliyan 13 ga ƙasashen Yammacin Turai, Birtaniya ce ta fi samun kaso, sai Faransa. Tarayyar Sobiyet ta ƙi shiga, ta kuma hana Poland da Czechoslovakia.

Ba tsabar kuɗi aka riƙa miƙa wa mutane ba. Jiragen ruwa ne ke sauke alkama, auduga, kwal, man fetur da injuna, yawanci daga Amurka. Ɗan kasuwan da ya ɗauki kayan sai ya biya gwamnatinsa da kuɗin ƙasarsa, a zuba a wani asusu na musamman da ba a taɓawa sai da yardar Amurka. Birtaniya ta rage bashi da mafi yawan nata. Jamus ta Yamma kuwa ta riƙa rantawa ta hannun KfW, bankin raya ƙasa na gwamnati, in an biya a sake rantar wa wasu, dabarar da ta sa kuɗin suka daɗe suna juyawa.

Bayan Yaƙin Cacar Baka

An yi irin wannan yunƙuri a Bosniya bayan 1995, Afghanistan bayan 2001 da Iraƙi, wadda aka yi wa alkawarin kusan dala biliyan 33 a taron Madrid na 2003. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa hukumar gina zaman lafiya a 2005.

Saɓanin ra'ayi

Wasu masana tarihi na ganin Turai ta riga ta kama hanyar farfaɗowa kafin tallafin ya iso, tunda tana da ma'aikata masu ilimi da hukumomi tsayayyu. A Afghanistan da Iraƙi an fi kokawa kan almundahana, rashin tsaro da ayyukan da aka bari ba a kammala ba.