Ciwon damuwa da wata cutar jiki ke haddasawa: amsar tambayoyinku

Wai da gaske ciwon jiki na iya jawo ciwon damuwa?

Ƙwarai kuwa, kuma bakina har ya gaji da faɗa. Ba baƙin cikin da kowane majinyaci ke ji nake nufi ba. Cutar ce da kanta take taɓa aikin ƙwaƙwalwa.

Kamar waɗanne cututtuka?

Wadda na fi zargi ita ce raguwar aikin tayirod, 'yar halittar nan ta gaban wuya da ake kira maƙoƙo idan ta kumbura. Za ka ga mace tana jin sanyi alhali kowa gumi yake, fata ta bushe, gashi na maƙalewa a mataji, ga ƙiba ba tare da ta ƙara ci ba, ga kasala da yawan kuka, amma sai a ce tunani ne ya yi mata yawa. Akwai kuma ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12, ciwon suga, ciwon zuciya da cutar Parkinson. Wasu magungunan ma suna jawowa, irin su Prednisolone.

Ba raunin imani ba ne?

A'a. Ku ji tsoron Allah ku daina jefa wa marasa lafiya wannan magana.

An gano tayirod ɗina ce, an ɗora ni a kan Levothyroxine. In ajiye maganin damuwar da nake sha?

To 'yar'uwa, a nan sai an bi a hankali. Kada ki ajiye da kanki, wannan dai babu ja a ciki, domin yanke irin waɗannan magunguna farat ɗaya kan kawo jiri, tashin zuciya, rashin barci, wani lokaci ciwon ya dawo sabo. Sauran maganar kuwa ta danganta. Levothyroxine ba ya aiki cikin dare ɗaya. Yawanci sai bayan mako 6 zuwa 8 ake sake gwajin TSH, wato gwajin jini da ke nuna yadda tayirod ke aiki, a ga ko adadin da kike sha ya isa, kuma ba mamaki a ƙara ko a rage. Wasu da zarar gwajin ya daidaita sai zuciya ta wartsake, likita ya riƙa rage musu maganin damuwar sannu a hankali. Wasu kuma gwajin zai yi kyau amma damuwar tana nan daram, wato cuta biyu ce ta haɗu a jiki ɗaya, kowace da maganinta. Idan kin taɓa fama da damuwa tun kafin tayirod ɗin, ko akwai masu ita a danginku, na fi karkata ga ki ci gaba da sha na wani lokaci, ko da yake wanda ya duba ki ido da ido ya fi ni sanin halinki. Ki kai masa duk abin da kike sha, har maganin ƙarin jini, don ƙwayar ƙarfen da ke cikinsa tana hana hanji tsotse Levothyroxine idan aka haɗa su lokaci ɗaya. Kuma ki kwantar da hankalinki, ciwo ne mai magani.

Wane gwaji zan yi?

Gwajin yawan jini, TSH, suga da B12. Likita ne zai zaɓa, ba kai ba.

Tun da mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki ya daina hira, abinci ma sai an yi da gaske. Ba tsufa ba ne?

Malam, tsufa bai zo masa rana ɗaya da shanyewar ba. Kusan mutum 1 cikin 3 na masu wannan ciwo suna kamuwa da damuwa, kuma ita ce ke hana su maida hankali ga gashin ƙashi. Idan abin ya wuce mako 2, ku faɗa wa likitansa a fili. Ba kowane maganin damuwa ne ya dace da mai shan Aspirin ko Warfarin ba, saboda haɗarin zubar jini, don haka kada wani ya saya masa a kemis.

Ya fara cewa gara ya mutu ya huta.

Wannan ba ta jiran ranar ganin likita. A kai shi asibiti yau, a kwashe magunguna daga gefen gadonsa, kuma kada a bar shi shi kaɗai.