Yadda maimaici a DNA ke taimaka wa masu zana taswirar gadon kifi

Mene ne wannan maimaici?

DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta daga iyaye zuwa 'ya'ya, rubutu ne da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. A wasu wurare rubutun kan yi in'ina, ka ga CACACACA sau goma ko ashirin a jere. Gajerun irin wannan su ake kira maikurosatalayit. An daɗe ana yi musu kallon shara, alhali a ɗan kifin zebra da ake gwaji da shi sun haɗu da sauran nau'o'in maimaici sun cinye fiye da rabin DNA ɗinsa.

To ta yaya shara ta zama alama?

Tsawon maimaicin ne ke bambanta tsakanin kifi da kifi. Uwa na da CA sau 12 a wani gurbi, uba na da sau 18, ɗa kuma ya gaji ɗaya daga kowane ɓangare. Kamar tsagar gado ce a fuska, kana gani ka san gidan. Ba a ma kashe kifin: ɗan gefen ƙegensa ake yankewa, a ninka gurbin da na'urar PCR, a auna tsawonsa.

Ina taswirar take a nan?

Ana haɗa uwa da uba, a bi 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Alamomin da kusan kullum ake gadonsu tare, maƙwabta ne a kan kuromosom guda, wato dunƙulen zaren DNA guda. Waɗanda ke yawan rabuwa kuwa akwai tazara tsakaninsu. Da haka Thomas Kocher da abokan aikinsa a Jami'ar New Hampshire ta Amurka suka fitar da taswirar karfasar Nilu ta farko a 1998. Karfasar nan, mai kuromosom 44, ita ce dai wadda masuntanmu ke kamawa a Tafkin Chadi da Kainji.

Me mai kiwon kifi zai ƙaru da shi?

Nan ne abin ya fi burge ni. Namijin karfasa ya fi mace saurin girma, kuma idan aka haɗa su a tafki guda sai haihuwa ta yi yawa, kifi ya tsumbure. Alamomin nan sun nuna wuraren da ke yanke jinsi, a rukuni na 1 da na 23 na taswirar, wato rukunonin alamomin da ake gado tare. Suna kuma tona asirin auren dangi a gidan ƙyanƙyasa, inda ake ta haɗa wa da ƙanwa har iri ya lalace.

Har yanzu ana amfani da su?

Manyan taswirori sun koma ga bambancin harafi guda, wanda na'ura ke karanta dubbansa a lokaci ɗaya. Amma wajen gano iyayen kifi, ƙananan ɗakunan bincike na ci gaba da dogara da maimaici saboda arha.