Wai menene CV na ɗan fim, kuma sabon shiga me zai rubuta a ciki?

Yanzu duk sanarwar odishan, wato gwajin zaɓen 'yan wasa, da ka gani sai ka ji an ce turo CV da hoto, toh da yawa cikin yaranmu sai su ɗauko irin wanda ake kaiwa banki neman aiki, sakamakon WAEC da sunan firamare da sunan mai unguwa. Ba shi ake nufi ba.

CV na ɗan wasa takarda ce shafi ɗaya tak, a Amurka ma bayan hoton fuskarka ake manne ta, hoton mai girman inci 8 da 10, don darakta yana juyawa ya ga aikinka. A sama sunanka da lambar waya da tsayinka, sai shekarun da zaka iya fitowa a matsayinsu a fim, misali 20 zuwa 28, ba sai ka sa ranar haihuwa ba. Ƙasa da shi sai ayyukan da ka yi, kowane aiki abu uku ake rubuta masa a jere, sunan fim, rawar da ka taka, sunan darakta ko kamfani. Sai horon da ka samu, ko da bita ce ta sati ɗaya, balle in ka yi Cibiyar Koyon Fim ta Jos ko sashen wasan kwaikwayo na ABU Zariya.

Matsalar sabon shiga ita ce wajen ayyukan nan babu komai, shi ne zaka ga yaro ya ƙirƙiri fim ya rubuta, ko kuma an sa shi ya zauna cikin taron biki a bayan jarumi amma ya ce ai shi ne abokin ango. Don Allah kar ka yi, masana'antar nan kowa ya san kowa, waya ɗaya furodusa zai buga ya gano ka kuma shikenan ka rufe wa kanka ƙofa. Diramar makaranta aiki ce, wasan rediyo aiki ne, gajeren fim da ku ka ɗauka da waya ku ka sa a YouTube shima aiki ne, rubuta su yadda suke.

Ni wajen da na fi so a dage shi ne na ƙarshe, wato abubuwan da ka iya, don nan ne sabon shiga yake wuce tsoho. Ka iya hawan doki? Dambe? Kirari? Tuƙa adaidaita sahu? Kana jin Fulatanci ko Barbarci, ko bakinka yana juya Sakkwatanci kamar a can aka haife ka? Fim na sarauta in ana neman mahayi wallahi ba digiri za a duba ba. Sai dai duk abin da ka rubuta ka tabbata in an ce yi yanzu a gaban kyamara zaka yi, kar a kawo doki lokeshan, wato wajen ɗaukar fim, ka fara ja da baya.

In ka gama ka maida shi PDF da cikakken sunanka a jikin fayil ɗin, sannan ka tura tare da hoton da ba filta.